Kabewa, Baƙuwar da Ta Zama 'Yar Gida

Wanda ya tashi a gidan da ake tuƙa tuwon shinkafa ranar Sallah, a malala masa miyan taushe, da wuya ya yarda cewa kabewa baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Ni ma na daɗe ina wannan gardamar. Abin da ke yaɗo a kan danga, ya hau rufin ɗaki, ya tsiro a bola ba wanda ya shuka shi, ta yaya za a ce daga ƙetaren teku ya zo? Amma kuwa daga can ta zo, kuma tafiyar tana da tsawo.

Asalin kabewa nahiyar Amurka ce. A wani kogo da ake kira Guilá Naquitz, a jihar Oaxaca ta ƙasar Meziko, masu haƙar kayan tarihi sun tono 'ya'ya da ɓawon kabewar da mutane suka noma kimanin shekara 10,000 da suka wuce, tun kafin a san noman masara a yankin. Sai dai wadda manoman farko suka tarar a daji ba ta yi kama da tamu ba. 'Yar ƙarama ce, ɓawonta da tauri, ga ɗaci da ba ya haɗiyuwa. Manyan namun daji masu kama da giwa, waɗanda suka ƙare tuntuni, su ne ke cin ta suna yaɗa irinta. An ma samu 'ya'yanta a cikin tsohon kashinsu a Florida. Mutane kuwa 'ya'yan suka fara nema, saboda mai da ƙoshi. Kaka bayan kaka, manomi ya ware irin wadda ɗacinta ya yi sauƙi, tsokarta ta yi kauri, ya shuka, har ɗacin ya gushe. Wannan haƙuri na mutanen da ba a san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba yana ba ni mamaki fiye da duk abin da ya biyo baya.

Kuma ba a wuri ɗaya aka yi aikin ba. Jinsi biyar aka mayar na gida, daga Meziko har kudancin nahiyar, wajen Ajantina da Bolibiya, inda mai ƙaton jiki ta fito. Akwai kuma mai jure zafi da damshi, wadda daga baya ta fi karɓar ƙasashe irin namu. A arewacin nahiyar, 'yan asalin ƙasar suna haɗa ta da masara da wake a gona ɗaya, suna kiran su 'yan'uwa mata uku: masara ta tsaya, wake ya naɗe ta, kabewa ta shimfiɗa faffaɗan ganye ta rufe ƙasa, danshi ya zauna, ciyawa ta rasa rana. Manomin da ke surka gero da wake ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Bayan Kolombos ya isa can a 1492, kabewa ta shiga jirgin ruwa. Ba a yi shekara 30 ba sai ga hotonta a zanen bangon wani gida a birnin Rum. Turawan Fotugal suka kai ta gaɓar Afirka da Asiya. Har yau mutanen Japan suna kiran tasu kabocha, don ta Kambodiya aka biyo da ita zuwa gare su.

A nan Afirka kuwa ta tarar da ɗan'uwa. Duma, wanda ake fafewa a yi ƙwarya da ludayi da masaki da gora, ɗan Afirka ne, kuma danginsu ɗaya da kabewa, kamar yadda guna da kankana suke. Duman ma ya riga ya isa Amurka shekaru dubbai kafin Turawa. Hannun da ya saba da yaɗon duma bai sha wahalar karɓar kabewa ba. Sai a leƙa tukunyar taushe: kabewa, gyaɗa, tumatir, tattasai, attarugu, duk daga waccan nahiyar suka zo. Daddawa da yakuwa da man ja ne 'yan gida. Matan Hausawa ne suka ƙulla wannan zumunci a kan murhu, suka fitar da miyar da ba a san irinta a Meziko ba.

Kowace ƙasa ta ja ta zuwa bukatarta. A arewacin Italiya, cikin ƙarni na 19, aka fitar da doguwar nan koriya da ake tsinka tun tana ɗanya. A yankin Styria na Ostiriya aka samu wadda 'ya'yanta ba su da ɓawo, ana matse su a yi mai mai duhun kore. A Amurka ta zama abin gasa: a 2023 wani manomi daga Minnesota ya kai wadda ta yi kilo 1,247 wurin awo a Kalifoniya. Girman bai burge ni ba, domin ba don tukunya aka noma ta ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke wa tamu riƙon sakainar kashi. 'Ya'yan da aka fara noman ta dominsu, mu sau da yawa kwashe su muke mu zubar. Ga ta tana yin watanni a ɗaki ba ta ruɓe ba, ga jan tsokarta cike da abin da jiki ke mayarwa bitamin A mai kare idon yara, amma ba mu ba ta gona ba, sai gefen gona. Furenta na miji daban, na mace daban, ƙudan zuma ke kai barbara, shi ya sa iri ke cuɗanya, a gona ɗaya ka ga doguwa da zagayayya da mai zane-zane, duk mu ce kabewa, in an matsa mu ce kabushi.

Kakata ba ta yarda da wannan sakaci ba. In an yanka wadda ta yi ja sosai, miyarta ta yi kauri da zaƙi, sai ta ce kada a taɓa mata 'ya'yan. Ta wanke, ta shanya a faifai, ta gauraya da toka saboda ƙwari, ta ɗura a ɗan gora ta toshe bakinsa da tsumma, ta rataye a ɗaka sai ruwan shuka ya sauka.