Yadda Gulbin Rima Ya Tsara Jirginsa

Gulbin Rima, wanda ke haɗuwa da Gulbin Sakkwato a gefen birnin Shehu, ruwa ne mai hali biyu. Da damina ya cika ya malale fadama. Da rani ya janye, yashi ya fito fili, wani wurin har yaro ya ratsa da ƙafa. Wannan halin ne ya ba kwalekwalen masu fito siffarsa.

Sana'ar sassaƙa jirgi ta daɗe a ƙasar nan. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe ya ci karo da jirgin da masana suka ce ya kai shekara 8,000. Icce guda aka fafe, tsawonsa ya ɗara mita 8, faɗinsa rabin mita, gaba da baya duk a fiƙe. Irin wannan ƙira Sarkawa da sauran masunta suka riƙe, kuma da dalili: dogon jirgi siriri tsaga ruwa yake yi, ba tura shi ba, sai mutum ɗaya da filafili ko gora ya wuni yana tuƙi.

Da manyan itatuwa irin maɗaci suka yi ƙaranci, masassaƙa suka koma ga katako da ƙusa, suna toshe kafa da kwalta. Ƙasan jirgi ya zama shimfiɗaɗɗe. Wannan dabara ce da ban taɓa rainawa ba, domin jirgi mai irin wannan ƙasa ba ya nutsewa sosai cikin ruwa, yana hawa kan yashi a sauke kaya, ga araha. Shi ne ya yi fiton ɗalibai da malamai a 2010, lokacin da ambaliya ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Amma ruwan ya sauya. An gama dam ɗin Bakolori a 1978, na Goronyo a 1984, aka sami ruwa mai faɗi da zurfi inda iska ke tada igiya. Inji ya shigo, lodi ya ƙaru: fasinja, buhuna, awaki, babura. Jirgin da aka tsara wa ruwa mai laushi da mutum kaɗan, idan an danne shi har bakinsa ya kusa shafar ruwa, igiya ɗaya ko tashin mutum biyu a gefe guda ya isa ya kifar da shi. A Afrilun 2022 mutum 29 suka rasu a haɗarin jirgi a yankin Shagari. A Agustan 2025 jirgin 'yan kasuwar Goronyo ya kife. Abin yana ci mini rai.

A Turai masu ƙera jiragen shaƙatawa kan gwada samfuri a tafkin gwaji da kwamfuta, su auna shi da igiya da lodin da zai tarar a zahiri. Masassaƙinmu ido da gizago gare shi, kuma sun ishe shi ya ƙara wa jirgin kasuwa faɗi, ya ɗaga bakinsa, ya ja masa layin fenti a jiki wanda in ruwa ya taɓa shi an daina lodi.