Daga Ɗakin Gwaji Zuwa Rufin Gidanmu

Da hasken fitilar sola na rubuta kundin digirina, domin wutar gari ba ta da alƙawari. Shi ya sa na bibiyi asalinta. A 1839, Edmond Becquerel, ɗan shekara 19 a Faransa, ya gano cewa haske kan haifar da lantarki. Sai a 1954 masanan kamfanin Bell a Amurka suka ƙera ƙwayar silikon mai aiki sosai. Saboda tsadarta, taurarin ɗan'adam irin su Vanguard 1 na 1958 ne suka fi cin moriyarta. Farantin sola bai hau rufin talaka ba sai da masana'antun Sin suka karya farashinsa. Shekaru sama da 180 na wahalar wasu ke cikin fitilar da na yi karatu da ita.