Barbarar Barewa Da Dokar Sarakunan Ingila

Mai karatu, barewar da zan yi magana a kanta ba irin tamu ba ce mai siririyar ƙafa. Jar barewar Turai nake nufi, wadda namijinta ke da ƙaho mai rassa kamar busasshiyar itaciya, ya zubar da shi duk shekara, wani ya tsiro.

Tun da bazarar Turawa namijin nan ba ya da aiki sai kiwo, yana tara kitse. Da watan Satumba ya yi nisa sai halinsa ya juye. Wuyansa ya kumbura, ya riƙa birgima cikin taɓo, yana fesa wa jikinsa fitsari, yana ruri dare da rana. Sai ya tattara mata ya tsare su, ko abinci ba ya ci sosai. In wani namiji ya tunkaro, ba nan da nan suke gwabzawa ba. Za su fara da gasar ruri, sannan su jera suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowa na auna ɗan'uwansa. Wanda ya ga ba riba sai ya sulale. Sai in an rasa mai ja da baya ake haɗa ƙaho. Ni dai da na zo nan sai da na yi dariya, don na sha rubuta samari biyu a ƙofar gidan budurwa ɗaya, ashe dabba ta riga ni.

Maharban da can sun san duk wannan, kuma a kansa suka tsara kalandarsu. A Ingila ana farautar babban namiji daga 24 ga Yuni zuwa 14 ga Satumba, lokacin da ya ke da maiƙo. Da barbara ta kama sai a ƙyale shi. Kada ka ce tausayi ne. Naman ne ke yin ƙarni, dabbar ta rame, ga kuma haɗari, domin namijin da hankalinsa ya tafi wurin mata ba ya shakkar kare, wani lokaci har mutum. Gaston Febus, wani basaraken Faransa da ya soma littafinsa na farauta a 1387, ya yi gargaɗi a kan ƙahon namiji a wannan lokaci.

Bayan kamar wata takwas matan ke haihuwa, wajen Yuni. Shi ya sa dokar daji ta ware wata guda, kwana 15 kafin 24 ga Yuni da 15 bayansa, ana taƙaita shigar mutane da dabbobinsu.

To amma don wa ake wannan tattalin? Wiliyam na Nomandi, wanda ya ci Ingila a 1066, ya keɓe Sabon Daji wajen 1079 don farautarsa. Marubutan tarihin zamanin sun ce wanda ya kashe barewa makantar da shi ake yi. Manomi na kallo ta cinye masa shuka, ba damar ɗaga baka. A cikin dajin nan kibiya ta kashe ɗansa, Sarki Wiliyam na Biyu, a watan Agusta na 1100, suna tsakiyar farauta.

Sai a 1217, zamanin Henri na Uku, aka fitar da takardar dokar daji da ta hana kashe mutum ko yanke masa gaɓa saboda naman barewa. Aka koma tara, wanda ba shi da abin biya kuwa ya yi shekara ɗaya da kwana ɗaya a kurkuku, in kuma bai sami mai tsaya masa ba ya bar ƙasar.