Dalma A Cikin Iska

Ya kai mai karatu, mu da muka tashi a Gyallesu kafin shekarar 2000, duk mun shaƙi wata guba ba mu sani ba. Sunanta dalma, kuma a cikin man fetur take zuwa.

Asalin abin daga Amurka ne. A 1921 wani injiniya na kamfanin General Motors, mai suna Thomas Midgley, ya gano cewa in aka zuba sinadarin dalma a fetur, inji zai daina ƙwanƙwasa. A 1923 aka fara sayar da shi. Shekara guda bayan nan, ma'aikata biyar suka mutu a wata masana'antarsa a jihar New Jersey, wasu bayan sun haukace. Amma ina! Riba ta rufe ido, aka ci gaba.

To ita dalma ba ta ƙonewa. Ta salansa take fita, ta bi iska, ta kwanta cikin ƙura. Yaro ya shaƙa, ko ya sa hannu a baka, sai ta shiga jini ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ni dai in na tuna cunkoson motoci a Tudun Wada da Ƙofar Doka, ga 'yan talla da ƙosai a buɗe, sai jikina ya yi sanyi.

Doka ta zo, amma da tafiyar hawainiya. Amurka ta hana shi a motoci a 1996. A 2001 ƙasashen Afirka suka yi alkawari a Dakar, zuwa farkon 2006 duk na kudu da Sahara, har da Nijeriya, sun daina. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021.

Sai dai fa da sauran rina a kaba. A 2010 ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 a Zamfara. Hukumar NESREA da aka kafa a 2007 tana da dokokinta, amma mai narka tsohon batir a bayan layi, wa ya je masa?

Don haka jama'a, kada mu yarda a narka batir kusa da gida, a yayyafa ruwa kafin shara, a wanke wa yara hannu kafin cin abinci. Allah ya tsare mana zuriya, amin.