Daga kwamitin lakwal zuwa kujerar konseye

Jama'a, mu waiwayi hanyar da mutumin unguwa ke bi ya shiga siyasa a Nijar.

Zamanin Seyni Kountché, Samariya ce matakin farko. Sarkin samari da ya iya tara mutane aikin gayya, a gina aji ko a gyara rijiya, shi hukuma ke sani. Da Ali Saibou ya kafa MNSD a 1989, da yawansu can sunka nufa.

A 2004 wata ƙofa ta buɗe. An yi zaɓen kominoni a watan Yuli, kuma a jahar Tawa shirin « École pour tous » na JICA ya fara sa iyaye su zaɓi ƴan COGES da ƙuri'ar asiri. Wanda ya riƙe kuɗin runfunan zana da amana, unguwa ta shaide shi, sai jam'iyyu su zo zawarcinsa.

A Afrilun 2024 CNSP ta rusa majalisun kominoni, amma kwamitin lakwal yana nan. To, ran zaɓensa kar ku ce ba ruwanku. Wanda bai iya kawo lissafin kuɗin alli ba, ina zai iya da na komin?