Bayani: Yadda ake shigarwa da rarraba manhajojin ƙari a QGIS

QGIS manhaja ce ta kyauta da ake amfani da ita wajen zana taswira da nazarin bayanan ƙasa, kamar iyakoki, hanyoyi, gonaki da magudanan ruwa. Gary Sherman ne ya fara ƙirƙirar ta a shekarar 2002 da sunan Quantum GIS, kafin a taƙaita sunan a 2013. Buɗaɗɗiyar manhaja ce, wato kowa na da damar duba rubutun da aka gina ta da shi, ya gyara, ya kuma rarraba.

Mene ne manhajar ƙari?

Manhajar ƙari, wadda masana ke kira filogin, ƙaramar manhaja ce da ake ɗorawa a kan QGIS domin ta yi wani aiki da babbar manhajar ba ta zo da shi ba. Galibi da harshen kwamfuta na Python ake rubuta su, kuma yawancin masu rubuta su ba sa cikin ainihin tawagar QGIS: malaman jami'a ne, kamfanoni da 'yan sa kai. Misali, QuickOSM tana janyo bayanai daga OpenStreetMap, yayin da aka samar da InaSAFE da haɗin gwiwar Indonesiya, Ostireliya da Bankin Duniya domin kimanta ɓarnar da ambaliya ko girgizar ƙasa za ta iya yi.

Sharuɗɗan shiga rumbu

QGIS na da rumbu na hukuma a intanet mai ɗauke da irin waɗannan manhajoji fiye da 1,000. Mai son shigar da tasa sai ya buɗe asusu a gidauniyar OSGeo, wadda aka kafa a 2006. Dole ya haɗa da fayil mai bayyana sunan manhajar, aikinta, wanda ya rubuta ta da kuma nau'in QGIS da take aiki da shi.

Haka kuma, wajibi ne lasisinta ya dace da GPL, a ajiye rubutunta a inda kowa zai iya gani, a kuma tanadi wurin kai rahoton matsala. Ba a karɓar dunƙulallen fayil da mutum ba zai iya karanta abin da ke cikinsa ba. Sai masu kula da rumbun sun duba sabuwar manhaja sun amince kafin ta bayyana a jeri.

Inda haɗarin yake

Shiga jerin ba tabbacin inganci ba ne. Manhajar ƙari na samun duk ikon da mai kwamfutar ke da shi, don haka gurɓatacciya na iya taɓa fayilolinsa. Haɗarin ya fi yawa a rumbunan waje, waɗanda QGIS ke bari mutum ya ƙara adireshinsu da kansa, domin ba a tantance abin da ke cikinsu.

Akwai kuma matsalar watsi da aiki. Lokacin da QGIS 3 ta fito a watan Fabrairun 2018, ta koma Python 3, lamarin da ya sa tsofaffin manhajojin da ba a sabunta ba suka daina aiki.

Saboda haka, kafin wata hukuma ko mai bincike ya ɗora aikinsa a kan manhajar ƙari, ya kamata ya duba ranar da aka sabunta ta na ƙarshe, ko an yi mata alamar gwaji ko ta daina aiki, da kuma ko mai ita na amsa ƙorafe-ƙorafe.