Littafi ba lambar shafi: yadda malaman ƙasar Gwandu ke gane hanya cikin dogon rubutu

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a Gwandu a 1829, ya kammala babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awili, a 1816. Ba a buga shi da na'ura ba sai a 1961, a Alƙahira, cikin mujalladi huɗu. Tsakanin waɗannan shekaru biyu, littafin ya rayu ne a hannun masu kwafa: ɗaruruwan warƙoƙi a sake, ba ɗinki, yawanci ba lamba, an haɗa su cikin tadarishi an zura a gafaka. To, idan aka zo wa malami a Gwandu ko Malisa ko Kalgo da tambaya a kan hukuncin wata aya, yaya yake isa wurin ba tare da ya bi tarin takardun ɗaya bayan ɗaya ba?

Sai an fara da dalilin barin warƙoƙin a sake, domin ba rashin sanin ɗinki ba ne. Takarda abu ce mai tsada, daga nesa take zuwa. Yawancin wadda aka yi rubutu a kanta a ƙarni na 19 daga arewacin Italiya take, mai tambarin jinjirin wata uku, ta biyo ta Tarabulus ko Masar ta ƙetaro Sahara. Littafin da ba a ɗinke ba kuwa yana rabuwa: ɗalibi ya karɓi warƙar darasinsa, wani ya ari ta gaba ya kwafa, malam yana riƙe da saura. Kwafi guda sai ya ishi zaure guda. Illarsa kuma a bayyane take, iska ɗaya ko hannun yaro ya isa ya hargitsa aikin shekara.

Maganin wannan shi ne 'yar kalmar da mai kwafa ke rubutawa a ƙasan bayan kowace warƙa, can gefen hagu, wadda ita ce kalmar farko ta warƙar da ke biye. Larabawa na kiranta ta'aƙiba, mutanen Magrib kuma raƙƙas. Da ita ake mayar da littafin da ya watse, da ita kuma ake gane an yi ɓatan warƙa, tunda sarƙar za ta tsinke. Amma iyakarta ke nan. Tana faɗa maka abin da ke gaba, ba ta faɗa maka inda kake. Kuma idan kalmar ta zamo irin wadda ke yawan maimaituwa, warƙoƙi biyar na iya amsa ta, sai mai ilimin fannin ne zai raba gardama.

Sanin inda kake aikin jan tawada ne. Jikin littafi baƙi ne, amma kalmomin babi da fasali da mas'ala da tanbihi da fa'ida ana rubuta su da ja, sau da yawa da kaurin alƙalami. A tafsiri da sharhi, ana bambanta matanin da ake fassarawa da maganar mai sharhi ta hanyar launi. Saboda haka malami ba karanta shafi yake yi ba in yana nema. Idonsa na tsalle ne daga ja zuwa ja har ya dira. Gefen takarda kuma, wanda ake bari da faɗi da gangan, nan masu karatu ke ajiye alamarsu, kalma ɗaya ko biyu da ke nuna batun da ke daidai wurin, don wanda zai zo baya.

A Alƙur'ani ne wannan tsari ya kai maƙura. Izu sittin, kowane an raba shi nisfi da rubu'i da sumuni, watau sumuni 480, kuma kowace gaɓa tana da zayyanarta a gefe, wadda ake hangowa tun kafin a karanta harafi. Cikin sura akwai alamar aya, akwai kumsa a kan kowace aya ta biyar, akwai kuri a kan ta goma. Gardi ba ya cewa shafi kaza. Sunan izu yake kira, ya ce yana Sabbi ko yana Amma, kowa ya san wurin, ko da Alƙur'aninsa rubutun Barno ne na abokinsa kuma na Sakkwato. Alarammomi sun ƙara da harji, ilimin sanin sau nawa kalma kaza ta zo da siga kaza da kuma wuraren da ta zo. Abin da Gustav Flügel ya buga a Laifzig a 1842, da wanda Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi ya fitar a Alƙahira a 1945, watau fihirisar kalmomin Alƙur'ani, su a ka suke ɗauke da irinsa.

A nan, a ganina, asirin abin yake. Adireshin magana yana jikin maganar ne, ba jikin takarda ba. Kwafi biyu na littafi guda ba za su taɓa daidaita a shafi ba, don hannu ya bambanta, girman takarda ya bambanta. Lambar shafi ba za ta amfani kowa ba sai mai wannan kwafin. Amma babin taimama babin taimama ne a kowane kwafi. Marubutan jihadi sun san haka, shi ya sa suke gina littafi yadda za a iya nemansa. Shehu Usmanu ya tsara Ihya'us Sunna babi 33, kuma babukan ibada da mu'amala zubinsu ɗaya: a kawo sunna a kan batun, sannan a kawo abin da mutane suka ƙaga. Wanda ya karanta babi ɗaya ya san inda zai duba a sauran. Malam Abdullahi kuma ya bi wata hanyar, ya mayar da nahawu da sarfu da ilimin tafsiri waƙe, domin baitin da aka haddace shi ne ke jan mutum zuwa mas'ala. Da ya ga tafsirinsa ya yi wa wasu nauyi, sai ya rubuta gajere, Kifayatu Lu'afa'is Sudan, ya taƙaita a kan ruwayar Warshu da mutanen ƙasar ke karantawa.

Injin ɗab'i ya kawo lambar shafi da fihirisa a ƙarshen littafi, kuma ba ƙaramin alheri ba ne: wanda bai yi shekara goma a zaure ba ma yana iya nemo abu. Sai dai ya ɗaure adireshi ga bugu. Ka ce shafi na 212, a tambaye ka bugun Misira ko na Bairut. Bugu mai araha kuma sau da yawa baƙi ne zalla, ja ya tafi.

Yanzu rubutu ya koma waya, inda ba shafi sam, sai dai a yi ta jan allo da yatsa. Masu tsara dogayen bayanai a intanet sun komo kan abin da mai kwafa ya sani: kanun da ido ke tsayawa a kai, jerin babuka a gefe, da hanyar tura mutum zuwa fasali kai tsaye. Rubuce-rubucenmu ne aka bari a baya. Ana ɗaukar hotonsu, a cibiyoyi irin su Gidan Arewa a Kaduna da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato da kuma a gidajen malamai, abin a yaba. Amma abin da ke yawo a WhatsApp yawanci curin hotuna ne ɗari uku, ba a iya neman kalma a ciki, ba jerin babuka, wani lokaci an mayar da shi baƙi da fari don ya yi sauƙin turawa, jan tawada ya saje da baƙi. Mai ɗaukar hoto da bai san ta'aƙiba ba yakan yanke ta daga gefe, ko ya ɗauki warƙoƙin yadda ya same su a hargitse, kuma wannan jerin ne zai yaɗu daga waya zuwa waya, alhali asalin yana cikin gafaka a wani ɗaki a Gwandu.